Muryar Hajiya a Aljihun Manjo

Bayan da Manjo Idrisa ya aje aikin gwamnati, shi da matarsa Hajiya Rakiya suka buɗe ɗan gidan likita nasu a Tanut, can bayan kasuwa, ɗaki uku da rumfar jira. Shi ya daɗe yana riƙe da gidajen likita na karkara, daga Gangara har Ollelewa, shi ya sa har yau ba mai kiransa sai da Manjo, laƙabin da ake ba shugaban gidan likita a nan. Ita kuwa ungozomar asibiti ce, rabin samarin unguwar a hannunta suka faɗo duniya. Sun zaci haihuwa da zazzaɓi za su fi kawo musu mutane, sai ga shi yawancin masu cika rumfar dattawa ne masu hawan jini da ciwon suga, irin ciwon da ba a rabuwa da shi, sai dai a koyi zama da shi.

Kowane majinyaci da katinsa a cikin wani tsohon kabad na katako da ke jingine da bango. Ana tsakiyar damina, wata safiya Hajiya ta jawo aljihun ƙasa don ta ciro katin wata tsohuwa, sai jar ƙasa ta zubo mata a ƙafa. Gara ta bi ta bayan kabad ta cinye katunan masu hawan jini kusan kaf. Abin da ya saura guntaye ne, nan rabin suna, can sunan magani ba mai shi.

Manjo ya zo ya duba, ya yi salati, sannan ya ce, "Kada ki damu, Hajiya. Ai duk ina da su a ka."

"To, wane magani Zainabu mai ƙosai take sha?"

Ya ce bari ya tuna. Har aka kira azahar bai tuna ba.

Ɗansu Nura da ke aiki a Yamai ya daɗe yana musu maganar su koma ordinatar, wato kwamfuta, suna ce masa sai an kwana biyu. Ranar Hajiya ta kira shi da kanta. Ya ce sayen na'ura ba shi ne aikin ba, aikin shi ne zaɓen manhajar da za a saka ciki, wadda za ta riƙe dosiye, wato fayil ɗin marasa lafiya, ta fitar da takardar biya, ta kuma riƙa tuna musu da masu zuwa awo duk wata. Ya haɗa su da mutum biyu masu sayar da irin wannan.

Na farko Nasiru, saurayi mai fara'a, ya zo daga Damagaram da motar safe, ordinatar a jaka da ƴar na'urar buga takarda a kwali. Ya gaishe su har ƙasa, ya sha ruwa, ya buɗe kayansa a kan teburin Manjo. Manhajarsa kyakkyawa ce, launi-launi. Amma abin da ya kama zuciyar Manjo ɗaya ne. Cikin masu zuwa wurinsu akwai malaman lakwal, wato makarantar boko, da jandarmomi da ma'aikatan ƙungiyoyi, waɗanda asirans, wato inshorar lafiya, ke biya wa magani. Duk ƙarshen wata Manjo ne ke duƙufa yana cike musu takardu da hannu, a aika Damagaram, a dawo da su saboda kuskuren lamba ɗaya. Nasiru ya saka sunan wani malami na ƙarya, ya danna wuri biyu, sai ga takarda ta fito tsaf, da suna da hatimi da komai. Manjo ya karɓe ta da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri.

Hajiya ta ce, "Ɗana, in rezon intanet ya ɗauke fa?"

"Sai a ɗan jira ya dawo, Hajiya. Amma komai naku a Yamai yake ajiye. Ko gobara aka yi nan, Allah ya kiyaye, ba abin da zai ɓace."

"Kin ji," in ji Manjo. "Garar Tanut ba ta da kuɗin motar Yamai."

Ta biyun A'isha ce, wadda ta taɓa aikin jinya kafin ita da abokanta su shiga wannan sana'a. Ba ta samu zuwa ba a lokacin, sai ta aiko da tablet a hannun direba, ta yi musu bayani ta waya. Tata manhajar ba ado, fari da baƙi sai ɗan ja da kore. Tana aiki ko ba rezo, in ya dawo ta tura abin da aka rubuta ma'ajiya. Tana kuma kiran majinyaci a waya ta tuna masa ranar awo. Da Manjo ya tambayi takardar asirans, A'isha ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce, "Baba, wannan ba mu kai gare ta ba tukuna. Rasit kawai take fitarwa."

Manjo ya kashe waya ya ce, "To an gama magana."

"Ba a fara ba ma," in ji Hajiya.

Sun shekara talatin da wani abu tare, sun san yadda ake gardama ba tare da tuwo ya huce ba. Da yake duka biyun sun yarda a gwada kayansu kafin a saya, sai suka raba aiki. Manjo ya ɗauki ta Nasiru a teburin shiga, Hajiya ta ɗauki tablet a ɗakinta inda take ganin masu suga da hawan jini. Suka ce in an kai gero rumbu, sai a yanke.

Makon farko Manjo ya ci karo da ranar haihuwa. Manhajar Nasiru ba ta barin a wuce gurbin nan fanko. Wani dattijo ya ce shi dai an haife shi shekarar da fari suka cinye gero, wani ya ce yana goye aka haƙa rijiyar garinsu. Manjo ya yi abin da aka saba yi a takardun gwamnati, ya ƙiyasta shekara ya sa wa kowa ɗaya ga Janairu. Ba a jima ba na'urar ta fara ƙorafi, wai Umaru uku da ya saka mutum ɗaya ne, tunda suna ɗaya, sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Ɗayan manomin gyaɗa ne, ɗayan mai raƙuma, na ukun ladan. Manjo ya kira Nasiru yana faɗa, Nasiru ya yi dariya ya ba shi haƙuri, washegari ya ƙara gurbin sunan gari da na uwa. Aka wuce wurin. Ƙarshen wata kuwa Manjo ya gama takardun asirans kafin shayin farko ya nuna, ya shiga ɗakin Hajiya yana kaɗa su a iska. Ita kuwa ta ci gaba da aikinta. Sai dai ran da rezo ya ɗauke tun hantsi har la'asar, ta leƙo ta same shi yana rubuta sunaye a bayan kwalin magani, ta ce, "Sannu da aiki, Manjo," ta koma.

Duk wata Hajiya kan bi motar kasuwa zuwa Belbeji, ta sauka gidan ƙanwarta, ta kafa tebur a rumfar ƙofar gida don masu ciwon da Tanut ta yi musu nisa. Wannan karon ta tafi da tablet a cikin jakar hannu. Rezo a can sai ya ga dama, ranar kuwa bai ga dama ba, amma na'urar ta buɗe ta yi aikinta.

Cikin waɗanda suka zo har da Maimuna, Bafillatana mai ciwon suga, doguwa, mai yawan dariya, wadda suka saba da Hajiya tun shekarun baya. Ba su daɗe da dawowa daga arewa da shanu ba. Hajiya ta ɗan huda mata yatsa ta auna, ta ga abin ya hau sosai. Da yake katunan masu suga a aljihun sama suke, gara ba ta kai gare su ba, Hajiya ta riga ta kwafe na Maimuna cikin tablet. Tana saka awon ranar sai ga zane ya fito, layi ɗaya yana tafiya yana hawa yana sauka, wani wuri kore, wani wuri ja.

Maimuna ta matso ta leƙa. "Wannan tudun fa, Hajiya?"

"Sugan jikinki ne. Nan daminar bara ce. Wannan tudun kuma ta bana."

Maimuna ta bi layin da yatsa. "Nan muna arewa. Nan ma muna arewa." Ta ɗago kai. "Ai can magani ke ƙare mini. Sai in ce bari mu dawo."

Hajiya ta sha faɗa mata wannan da baki, Maimuna tana cewa to. Yau ita ta faɗa da kanta. Suka zauna suka tsara cewa in bazara ta yi, kafin su ɗaga, za ta zo a haɗa mata maganin da zai kai ta har dawowa, a kuma saka lambar babban ɗanta, tunda wayar rugar a hannunsa take. Suna cikin haka tablet ta yi zafi ta mutu, don rana ta karkato ta shigo rumfar. Sai da Hajiya ta naɗe ta a ɗankwali ta jingina ta da randa kafin ta farfaɗo. Maimuna ta ce ashe ita ma abar tana da nata ciwon.

Da Hajiya ta dawo Tanut ta ba Manjo labarin duka, har da mutuwar na'urar, ba ta rage ba. Ya ce zanen dai ya yi, amma zane ba ya cike takardar asirans.

Akwai kuma matsalar kiran tuni. Muryar da ta zo da manhajar ta wata yarinya ce mai Hausar rediyo, tsofaffi na jin ta sai su kashe, su ce masu tallar kamfanin waya ne. Hajiya ta faɗa wa A'isha, A'isha ta ce ai ana iya sauya muryar, tana nan tafe ma za ta nuna mata.

A'isha ta iso ana fara yankan gero, ƴar gajeruwa mai saurin magana. Ta nuna wa Hajiya inda ake danna a ɗauki murya. Hajiya ta gyara zama, ta yi gyaran murya kamar mai shirin waƙa, ta ce, "Salamu alaikum. Rakiya ce ta gidan likita. Gobe ranar awonku ce. Ku zo da sauran maganinku, kada ku ce kun ji sauƙi ku zauna. Allah ya ba da lafiya." Aka sake kunna mata, ta rufe fuska ta ce ashe haka muryarta take.

Daga nan A'isha ta fito da wata na'urar awon jini da ke tura lamba cikin tablet da kanta, ta ce tana son wanda za a gwada da shi. Rumfa ba kowa, an tafi gona. Hajiya ta dubi mijinta.

"Ni lafiyata ƙalau," in ji Manjo.

"Ai shi ya sa. Gwaji ne kawai. Miƙo hannu."

Hajiya ta buɗe masa dosiye, ta saka sunansa da lambar wayarsa. Ranar haihuwarsa ma ɗaya ga Janairu ce, A'isha ta ƙunshe dariya. Aka ɗaura masa abin a damtse, ya kumbura, ya saki. Lamba ta fito ja: sha bakwai bisa goma, wato ɗari da saba'in bisa ɗari.

Manjo ya ce, "Na'urarki ba ta da saiti, ƴata."

A'isha ta ce mai yiwuwa, a sake. Ya ce a'a, a ɗauko nasa. Hajiya ta ɗauko tsohon abin awonsa mai famfo, wanda ya yi yawo da shi ƙauyukan yankinsu na Damargu a bayan babur, ta saka abin saurare a kunne ta auna shi da kanta. Ta daɗe tana kallon allurar. Ta cire abin daga kunne ta ce a hankali, "Haka ne, Manjo."

Ya ce shayi ne da goro, da kuma takaicin rezo. Hajiya ba ta ja ba. Ta ce a riƙa aunawa da safe kafin shayi, a gani. Aka yi ta aunawa, lambar ba ta sauka ba sai kaɗan.

Kwanakin nan Manjo ya rage magana. Yakan zauna a tsakar gida bayan la'asar yana kallon tumaki suna cin harawa. Ba tsoron mutuwa ne ya dame shi ba, ya ga mutuwa da yawa. Abin da ya tsaya masa shi ne, mutum nawa ya zaunar a kan bencin nan ya ce musu wannan ciwo ba ya sallama, ku riƙa awo ko kuna jin ƙarfi, shi kuwa ya manta rabon da a ɗaura masa abin a hannu. Hajiya ta bar shi da tunaninsa. Wata safiya ya saka babbar riga ya tafi asibitin gwamnati da ƙafarsa, aka duba masa jini da ƙoda, likita ya ce ba abin da ya taɓu tukuna, ya rubuta masa ƙwaya ɗaya kullum. Ya dawo ya aje takardar a teburin Hajiya ya ce, "Ki saka a abin naki."

Duk yamma Manjo yana zuwa fada, wurin da shi da tsaransa ke shan shayi a gindin wata bishiyar bedi kusa da tasha. Babban abokinsa a wurin Mushe Manzo ne, tsohon malamin lakwal, don da Mushe ake kiran malaman boko a nan, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba. Wata yamma ana zuba shayi na biyu wayar Manjo ta yi ƙara a aljihu. Da yake ya saba buɗe lasifika, ya danna ya aje ta a gwiwa. Sai ga murya ta cika fadar: "Salamu alaikum. Rakiya ce ta gidan likita. Gobe ranar awonku ce..."

Manjo ya ce, "Na'am, Hajiya, ina fada," muryar kuwa ta ci gaba abinta, har ta kai ga kada ku ce kun ji sauƙi ku zauna. Sannan ya tuna. Ya lalubi wurin kashewa, bai samu ba sai da ta gama yi masa addu'a.

Fada ta kece da dariya. Mushe Manzo ya aje kofinsa don kada ya zube. "Manjo, ashe kai ma an kama ka? Wanzami ba ya son jarfa! Gida ɗaya kuke kwana, amma sai ta waya ake kiranka awo?"

Manjo ya so ya ji haushi, sai ya ga abin ya fi ƙarfin haushi, shi ma ya yi dariya. Ya faɗa musu yadda aka yi, tun daga gwajin har asibiti. Ya ce shi bai ji ciwon komai ba, ko jiri bai taɓa yi ba.

Dariyar ta lafa. Mushe Manzo ya shafa ƙeyarsa ya ce, "To ni da nake jin nauyi a nan in na tashi da safe fa?"

"Gobe ka biyo ni. Layi ɗaya za mu bi."

Washegari Mushe Manzo ya zo, ya kuma jawo wasu biyu daga fadar. Manjo ya zauna tare da su a kan benci, da kwalin maganinsa a hannu, har Hajiya ta kira sunansa. Tsofaffin da ke rumfar suka yi ta kallonsa, wata ta ce, "Manjo, yau kai ne a nan?" Ya ce ai bencin ba na mutum ɗaya ba ne. Cikin abokan nasa uku, biyu aka samu jininsu ya hau. Na Mushe Manzo ma ya fi nasa, abin da Manjo bai fasa tuna masa ba har yau.

Da gero ya shiga rumbu, suna karyawa da kunu, Manjo ya ce, "Ta A'isha za mu ɗauka."

Hajiya ta ci gaba da juya kununta. "Takardun asirans fa?"

"Na yi su da hannu shekara da shekaru, ban mutu ba. Waccan ta iya hidimar takarda. Wannan kuwa tana bin mutum har gindin bedi."

Amma bai sa hannu haka nan ba. Ya kira A'isha ya tsare ta da tambayoyi. Wa ke iya ganin dosiyen mutane ban da su biyu? In wata rana sun raba gari da kamfanin, za a ba su bayanan majinyatansu ko za a riƙe? In tablet ta faɗi ta fashe fa, wa za a kira, kuma zai ɗauka? Ta amsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce a rubuta duk a yarjejeniya. Kan takardar asirans ta ce suna aiki a kai amma ba za ta sa masa rana ba. Ya ce wannan amsar ta fi masa alkawari.

Nasiru kuwa Manjo ya ce shi zai kira shi da kansa, ba za a bar yaron kirki ya ji a bakin wani ba. Ya faɗa masa gaskiya, cewa kayansa ba su da laifi, rezon Damargu ne da irin mutanen da suke gani suka raba su. Nasiru ya ce, "Ba komai, Baba. Ni ma na koyi abu a wurinku, gurbin sunan uwa yanzu kowa na sonsa." Manjo ya haɗa shi da wani mai babban kantin magani a cikin gari, wanda aikinsa duk lissafi ne da takardu.

Sauran aikin ya ɗauke su har rani. Waɗanda gara ta cinye katinsu sai da aka sake tambayarsu tun daga farko, kowa ya zo da kwalin maganinsa a ƙulle a leda. Manjo ya koyi danna tablet da yatsa ɗaya, yana yi yana mita cewa haruffan ƙanana ne. An samo mai ɗaukar murya da Fulatanci da kuma wani da Buzanci. Ƙarshen wata kuma ya baje takardunsa a tebur da biro, ya yi tsaki biyu uku, ya cike su.

Miyar gidan ce ta sauya. Hajiya ta rage gishiri, ta daina saka dunƙule, ta ƙara daddawa da tafarnuwa. Ranar farko Manjo ya kai loma ya tauna a hankali.

"Hajiya, wannan miyar an yi mata rasuwa ne?"

"Ci dai. Na saka wa tawa ma haka."

Ya dubi kwanonta, ya ga gaskiya tukunya ɗaya ce. Ya ƙara loma. Can ya ce kukar dai ta yi kauri yadda yake so, ya miƙa kwano a ƙara masa.